Gayyar Jamil da Kiɗan da Bai Yanke Ba

Da sunan Allah nake farawa. Kafin in shiga magana, ina roƙon mai karatu ya yi mini afuwa game da hannuna. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fara fito mini, a ajin manya da ake yi a firamaren garinmu bayan yara sun tashi, kuma yatsun da suka saba da ƙotar fartanya ba sa lanƙwasuwa yadda malami yake so. In an ga harafi ya hau ɗan'uwansa, ko layi ya gangara ƙasa, ba raini ba ne, iyakar iyawata ke nan. Abin da ya sa na daure na zauna shi ne labarin gayyar ɗan yayana ya bazu, kowa yana ƙara masa nasa, har na ji wani a motar Minjibir yana rantsuwa cewa an yi gawawwaki. Ba wanda ya mutu. Ina wurin daga farko har ƙarshe, ga yadda aka yi.

Jamil ɗan yayana marigayi ne, ni ne baffansa, ni ne kuma waliyyinsa. Ya tafi Kano koyon gyaran waya, ya dawo garinmu, Marken Gabas, bai iya gyaran waya ba, sai dai ya zo da kwamfuta irin wadda ake ɗorawa a cinya, da lasifika biyu kowace ta kai buhun gero, da wani ɗan akwati mai maɓallai masu walƙiya. Ranar da ya sauka ya sanar cewa a daina ce masa Jamil, a riƙa cewa Sarkin Sauti. Mahaifiyarsa, Inna Asama'u, ta ce ita dai Jamil ta haifa, kuma Jamil ɗin ya zo ya ɗebo mata ruwa.

Dole in yi masa adalci. Ba waƙoƙin mutane yake sakawa ba, shi yake haɗa kiɗan a gaban jama'a. Ya taɓa wannan maɓalli kalangu ya fito, ya taɓa wancan ganga ta shigo, ya murɗa wani abu sai ka ji kamar goge ya kamu da mura. Mata da samari suna so ƙwarai. Aibin abin ɗaya ne. Kowane kiɗa yana da ɗakinsa a cikin kwamfutar, in ɗaya ya ƙare sai ya rufe shi ya buɗe wani, ita kuwa kwamfutar tsohuwa ce, sai ta tsaya tana tunani, wani ɗan zobe yana ta juyawa a allonta, fili ya yi tsit. Wannan shirun shi Jamil yake kira giɓi, kuma ya ƙi jininsa fiye da yadda manomi ya ƙi jinin fari.

Ya fara sanin giɓi ne a wani suna da aka yi a gidan mai unguwa da la'asar. Kiɗan farko ya ƙare, zobe ya fara juyawa, mata suka ɗauka an tashi, suka kwashe gaba ɗaya zuwa wurin tukunyar shinkafa. Lokacin da kiɗa na biyu ya fito, ba kowa a filin sai wani tsoho kurma da yake gyangyaɗi a jikin bango.

Jamil ya ce ya gano maganin abin, zai riƙa toshe giɓi da bakinsa. A taro na gaba, da kiɗa ya ƙare, ya ɗauki makirufo ya gaida manya, ya gaida mata, ya gaida baƙi. Zobe yana juyawa. Ya sake gaida manya. Zobe yana juyawa. Da gaisuwa ta ƙare masa, sai ya hango wani dattijo mai mutunci, ya tambaye shi ta lasifika ko marurun nan da ya hana shi zama ya fashe. Dattijon ya tashi da mutanensa, aka bi su ana ba da haƙuri har bakin hanya.

Sai ya ce baki ba shi da tabbas, na'ura ita ce take toshe na'ura. Ya haɗa wayarsa da lasifika, in kwamfuta ta shiga tunani sai waya ta riƙe kiɗan. Wannan dabara ta yi aiki har sai da aka kira wayar ana tsakiyar wani biki. A garin kashe kiran sai ya amsa shi, muryar Inna Asama'u ta cika unguwa:

“Jamil, kai ka ɗauki murfin tukunyata? Kuma wandon nan da ka jiƙa ya fara wari, ni ba zan wanke ba, ka ji na gaya maka.”

Wata mata daga cikin taro ta ce, “Inna, a yi haƙuri a wanke wa Sarki.”

Ranar ya cire layin wayar ya jefa a rijiya. Ya koma Kano ya yi 'yan kwanaki, ya dawo yana tafiya kamar wanda ya sauke karatu. Ya ce yanzu ya tara kiɗe-kiɗensa duka a ɗaki guda, ya ɗaure wutsiyar kowane da kan na bayansa, na ƙarshe kuma ya ɗaure shi da na farko, abin ya zama zobe, ba shi da ƙofar fita. Ya gwada a wani biki, kiɗa ya tafi sumul, har sai da akuya ta tauna igiyar lasifika. Aka gyara, man janareta ya ƙare. Aka zuba, wata mata mai rawa ta zo yi masa liƙi, gwiwar hannunta ta danna dogon maɓallin nan da yake tsayar da komai.

Jamil bai yi fushi ba, ya ce kowane cikin waɗannan darasi ne. Saboda janareta, ya sayo batirin mota ya haɗa, in wuta ta ɗauke batir ya karɓa. Saboda igiya, ya bar wayar a haɗe, in igiyar kwamfuta ta fita waya ta karɓa. Saboda gwiwar hannu, ya sa wuƙa ya ɓanɓare dogon maɓallin, ya liƙe gurbinsa, ya ba Inna Asama'u ta ajiye masa a gwangwanin maɓallan riga. Saboda akuya da mata masu liƙi, ya ce daga yau ba zai sake yin kiɗa a ƙasa ba.

Ana cikin haka ya ga Hure, 'yar Malam Muntaka, ya ce in ba ita ba sai dai ya zauna gwauro. Ita ma ba ta ƙi shi ba, ko da yake ta gaya masa ba sarauta take nema ba, mutum take nema wanda babanta zai iya kallo bai kau da kai ba. Na ɗauki goro na je. Malam Muntaka mutum ne mai ƙarancin magana da yawan kallo. Ya kalli goron, ya kalle ni, sannan ya ce ya sami labarin hannun yaron bai taɓa yin kanta ba. Ya tuna mini al'adar garinmu, cewa mai neman aure yana kawo gayya gonar uban yarinya. Ya ce gonarsa ta gero ta isa maimai, ciyawa ta kai gwiwa.

“In an nome ta, ku zo mu sa rana,” in ji shi. “In ba a nome ba, kada a sake kawo mini goro.”

Ya ƙara da gargaɗi biyu. Kada a taka masa fegin gyaɗar da ke yamma da geron, kada kuma a taɓa shingen lallen da ke tsakaninsa da maƙwabcinsa Muhammad Auwal, domin a kan wannan iyakar suka yi shari'a, tun daga nan ba sa gaisawa ko ranar idi.

Saboda wanda ba ɗan ƙauye ba, bari in bayyana yadda gayyarmu take. Samari suna jeruwa, kowa ya kama kunyarsa, su sunkuya, su yi noma a kan kiɗa. Dokar ɗaya ce, ba mai ɗaga bayansa muddin ganga tana tashi. 'Yan mata suna biye da ruwa da tafi, kuma duk wanda ya miƙe kafin ganga ta yi shiru, sai su ɗaura wa fartanyarsa ɗankwali. Muna da mutum a garin nan mai jikoki, har yau Mai Ɗankwali ake kiransa. Makaɗin yana tafe a bayansu, in sun kai ƙarshen kunyoyi sai ya ɗauke hannu, su miƙe, su sha ruwa, su juyo su kama sababbi. Na rantse, tun tasowata ban taɓa jin wani ya ce wannan shirun aiki yake yi ba. Dukanmu mun ɗauka hannun makaɗin ne yake gajiya.

Jamil ma haka ya ɗauka. Da na ce a sanar da makaɗin garinmu, sai ya yi dariya.

“Baffa, a bar tsoho ya huta. Rabin ranar gayya a giɓi take tafiya. Shi sai ya kai mutane la'asar. Ni kafin hantsi ya yi zafi Malam Muntaka zai tsaya yana neman ciyawa ɗaya ta shaida bai samu ba.”

Na ce shi a wace kunya zai tsaya. Ya ce wanda yake motsa hannuwan mutane duka, ai shi ya fi kowa noma.

Ya gayyato ƙungiya biyu. Samarin garinmu a ƙarƙashin Muhammadu Sani, wanda ake cewa ba a taɓa wuce shi a kunya ba, da samarin Gidan Shago, unguwar Kiristocin da ke hayin burtali, a ƙarƙashin Abel, wanda shi ma haka ake faɗa a kansa. Waɗannan biyun abokai ne a kasuwa, amma a gona ko kallon juna ba sa yi. Na ji tsoron haɗa su. Jamil ya ce wannan shi ne man injin.

Da hannunsa ya kafa wata doguwar rumfa a gefen gona, tsakanin gero da gyaɗa, mai ƙafa huɗu na itacen darbejiya. Da yake bai saba haƙa ba, ramukan ba su yi zurfi ba, amma ya ce nauyi zai riƙe su. Ranar gayya da safe aka ɗora masa lasifika, da batir, da kwamfuta, da akwatin maɓallai, aka bar janareta a ƙasa. Ya hau, ya janye tsanin zuwa sama. Da rana ta haska allon ya daina gani, sai ya lulluɓe kansa da kwamfutar da bargo. Ya kuma rufe kunnuwansa da wasu manyan abin saurare kamar ƙoƙo biyu. Daga ƙasa ba abin da ake gani sai tulin bargo yana rawa.

Kiɗa ya tashi. Ban taɓa ganin noma irin wannan ba. Fartanyu suna sauka tare, ƙasa tana tashi, 'yan mata suna tafi, Muhammadu Sani a dama, Abel a hagu, ba wanda ya fi wani da taku. Na saci kallon Malam Muntaka, na ga gefen bakinsa ya motsa, abin da ban gani ba tun auren ƙanensa. Na ce a raina aure ya ɗauru.

Suka isa ƙarshen kunyoyi. Kalangu ya yi ƙasa kamar zai ƙare, wasu har sun fara sassauta hannu, sai ga wata ganga ta shigo ta ƙarƙashinsa ta ɗauke shi, ko numfashi babu a tsakani. Muhammadu Sani ya dubi Abel ta gefen ido. Abel ya dubi Muhammadu Sani. 'Yan mata suka fara kwance ɗankwalinsu. Sai layin ya shiga shingen lalle.

Kafin in buɗe baki, shingen da aka yi shari'a a kansa ya kwanta. Gonar Muhammad Auwal siririya ce doguwa, kunyoyinta sun miƙe daidai da na Malam Muntaka, faɗinta kuma daidai da faɗin layin samarin. Shi mutum ne da ba ya gaggawar noma, ciyawarsa ta fi geronsa tsawo, yana zaune a gindin kuka yana tunanin yadda zai yi da ita. Da ya ga abin da Allah ya kawo masa, ya tashi ya shige gaba yana kawar musu da duwatsu, yana cewa madalla, a bi a hankali wajen waken. Ya waiwayo ya ɗaga wa Malam Muntaka hannu, ya yi masa maganar farko tun bayan shari'a:

“Sannu da ƙoƙari, maƙwabci. Allah ya bar zumunci.”

Na ruga na bi gefen layin, na sunkuya kusa da Muhammadu Sani ina roƙonsa ya tsaya. Bai ɗago ba, ya ce, “Baffa, gaya wa Abel ya fara miƙewa.” Na zagaya wajen Abel. Ya ce, “Baba, ni ban ji kiɗa ya tsaya ba.” Na roƙi 'yan matan su mai da ɗankwalinsu ka, na yau kaɗai. Babbarsu ta ce ba su suka kafa dokar ba, kuma ta ga wani ɗan Gidan Shago yana dafa ƙugu, shi take jira.

Na komo wajen rumfa da gudu na kashe janareta. Kiɗan ko tuntuɓe bai yi ba, batir ya karɓa. Muka yi ta kiran Jamil, bargo yana ta rawa. Malam Muntaka ya kama ƙafar rumfar ya girgiza, Jamil ya ɗauka jama'a ce ta taru tana rawa a ƙarƙashinsa, sai ya ƙara ganga. Muka shiga jifansa da hoge. Hannu ya fito daga bargo ya yi mana alamar godiya, ya koma, kiɗan ya ƙara sauri. Hogen Malam Muntaka ya sami igiyar kwamfuta ya fizge ta, na ce alhamdulillahi, sai wayar ta karɓa daga inda aka tsaya. Jamil ya lalubo igiyar ya mayar, sannan muryarsa ta fito ta lasifika, har Gidan Shago ana ji:

“Jama'a, kun ji giɓi? Ba ku ji ba. Sarkin Sauti ne. A gaida surukina Malam Muntaka, yau ya ga aiki.”

Malam Muntaka ya sake ɗaukar hoge, mafi girma, sai na riƙe masa hannu, domin dai ɗan yayana ne.

A lokacin samari sun gama da gonar Muhammad Auwal tas, sun ƙetare burtali, sun nome shi, sun shiga filin ƙwallon firamare. Hedimasta ya fito yana busa usur, suka ɗauka cikin kiɗan ne. Suka bar masa filin kamar an shirya shuka dankali. Daga nan suka doshi lambun kuɓewar Dokas, gwaggon Abel, mace ce da ko mai unguwa yake gaishe ta da hannu biyu. Ta fito da taɓarya, matan gidanta suna biye, kowace da tata, suka tsaya a bakin lambu.

“Abel, in fartanyarka ta taɓa kuɓewata, daga yau ka nemi wata gwaggon.”

“Gwaggo, ba zan iya tsayawa ba.”

“Ban ce ka tsaya ba. Cewa na yi kada ka taɓa.”

Sai Abel ya karkata, na kusa da shi ya karkata, layin duka ya lanƙwasa ya yi yamma, suna sunkuye. Can gaba kududdufi ya tare su, ba mai iya noman ruwa, suka sake lanƙwasa. Wannan lanƙwasar ta biyu ita ta juyo da su gida, amma ta bayan gona, ta wajen gyaɗa. A bayansu ga hedimasta, ga Dokas da taɓarya, ga mutanen da aka nome wa gona suna sa albarka, ga waɗanda aka gitta wa kunyoyi suna zagi, ga masu kallo kawai, rabin gari.

A daidai lokacin Hure ta iso da ƙwaryar kunu a kanta. Ta ga gonar babanta, tsiri ɗaya a nome, saura ciyawa tana kaɗawa. Ta ga shinge a kwance. Ta ga babanta a tsaye ya harɗe hannu. Ta sauke ƙwaryar a gindin rumfa, ta je ta ɗauko doguwar gorar da ake kakkaɓo ɗorawa da ita, ta saƙalo bargon ta yar, ta sake kai gorar ta ture masa abin kunnen.

Jamil ya ƙifta ido, ya duba gona ya ga ba kowa, fuskarsa ta cika da murna.

“Har sun gama?”

“Sun gama ta Baba Auwalu,” in ji Hure. “Kashe abin nan.”

Ya ce mata ta yi haƙuri, kiɗan da ya yi mata na musamman ne yake tafe. Ta nuna masa yamma da gorar. Ya waiwaya ya ga ƙura, ya ga layin bayan mutane yana doso fegin gyaɗa, sai dariyar ta bushe a bakinsa. Ya kai yatsa wajen dogon maɓallin, ya tarar da liƙi. Ya tambaye ni ko zan iya zuwa gida in karɓo gwangwani wurin Inna. Ya rufe murfin kwamfutar, kiɗa ya ci gaba, ashe ya riga ya koya mata kada ta yi barci in an rufe ta. Ya cire igiya, waya ta karɓa. Ya mayar da igiya, kwamfuta ta sake karɓa. Na ce ya cire duka biyun, ya ce ai ya ɗaure ta waya da roba ta ƙarƙashin rumfa, don kada irin haka ta faru. Na ce irin me. Sai ya shiga cizon robar da ya naɗe kan batir da ita.

Samari suka shiga gyaɗar a gicciye. Ba zan tsawaita a nan ba. Gyaɗar ta yi fure, ta fara sa ƙafa. Idanunsu sun rufe da gumi, harsunansu a waje, ba sa bambance ciyawa da shuka, abin da suka sani kawai shi ne na gefe bai miƙe ba. Malam Muntaka ya tsaya yana kallo, yana gyaɗa kai a hankali kamar mai sauraron wa'azi.

Rumfa tana kan hanyarsu. Ƙafarta ɗaya ta faɗo a gaban Muhammadu Sani, ɗaya a gaban Abel. Kaucewa ita ma ana iya cewa gazawa ce, don haka kowannensu ya nome ƙasar da ke gindin tasa, ya wuce. Rumfar ta yi ɗan tunani, kamar yadda kwamfutar takan yi, sannan ta sunkuya. Lasifika ɗaya ta yi gabas, ɗaya ta yi kudu, batir ya tsinke ya bi tasa hanyar, Jamil ya sauka a kan tulin takin da aka tara don gyaɗar, kwamfuta kuma ta faɗa cikin ƙwaryar kunu.

Aka yi tsit. Samari suka miƙe gaba ɗaya, kowa yana duba na gefensa, sannan suka zube a ƙasa kamar an yanke dawa. Har yau ana gardamar wanda ya fara miƙewa tsakanin Abel da Muhammadu Sani. Wani daga kwance ya nemi kunu, aka ce akwai kwamfuta a ciki, ya ce a ba shi haka nan.

Jama'a suka zagaye mu. Jamil ya zauna a kan taki, ya gyara hula, ya fara bayani cewa in aka duba da kyau, ba a taɓa yin gayyar da ta ci ƙasa mai yawan wannan ba a tarihin Marken Gabas, matsalar kawai ta wajen shugabanci ce a ƙasa. Dokas ta ce a matsa mata ta nuna masa shugabanci. Aka riƙe ta.

Malam Muntaka ya taka ya duba gyaɗarsa, ya duba shingen, ya duba ciyawar da ke cikin geronsa, ya dawo ya tsaya a gabana. Bai ɗaga murya ba.

“Malam, kai dattijo ne. A al'adar garin nan, in saurayi ya kawo gayya, wa yake ba shi mata?”

Na so in yi shiru, amma a gaban mutane aka tambaye ni. Na ce wanda aka nome wa gona.

“To ga shi can,” in ji shi, ya nuna Muhammad Auwal.

Muhammad Auwal ya matso yana goge hannu a riga. Ya ce ya karɓi gayya hannu bibbiyu, bai taɓa ganin yaro mai ladabi irin wannan ba, kuma da yana da 'ya, wallahi yau da la'asar za a ɗaura. Sai dai kowa ya sani Allah bai ba shi mace ba, 'ya'yansa duk maza ne. Amma ya ce ƙofarsa a buɗe take, in Jamil yana so ya sake kawo gayya baɗi, ko Allah zai sa a haifa.

Samarin da ke kwance ma sai da suka yi dariya, suna riƙe da ƙugu. Hure ba ta yi ba. Ta sa yatsu biyu ta tsamo kwamfutar daga kunu, ta ɗora masa a cinya, ta ɗauki ƙwaryarta, ta bi bayan babanta.

Na koma wurin Malam Muntaka daga baya ba tare da goro ba, tunda goro ya hana. Ya ba ni tabarma, ya ba ni ruwa, ya yi mini zancen damina har na gaji na tashi. Da ƙugun Muhammadu Sani ya warke, shi ya kawo gayya gonar, da makaɗi, aka nome ta kafin la'asar. Bayan kaka aka ɗaura aurensa da Hure. Jamil ya aika cewa zai yi musu kiɗan biki kyauta, aka aiko masa da godiya.

A ranar gayyar Jamil, da yake ƙafarsa ta gurɗe a faɗowar, a baro na turo shi gida, kwamfutar tana ɗigar kunu a cinyarsa. Mun yi nisa kansa a sunkuye, har na fara tausayinsa, ina shirya kalmomin haƙuri game da yarinyar. Sai ya waiwayo.

“Baffa, tsakaninka da Allah, kafin rumfar ta faɗi, ka ji kiɗan ya yanke ko sau ɗaya?”

Na ce ban ji ba.

“To in za ka ba da labarin, kada ka manta da wannan.”

Ban manta ba, ga shi na rubuta. A nan ƙarfin hannuna ya ƙare. Ina roƙon masu ilimi da wannan takarda za ta faɗa hannunsu, duk inda suka ga na karya harafi, ko na haɗa kalmar da ya kamata a raba, ko na sa magana a inda ba muhallinta ba, su gyara mini don Allah, kada su ji nauyina. Allah ya saka wa wanda ya gyara da alheri.